Hoton Yaya a Shafin Farko

A gidan jaridar da Auta yake aiki, babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa ga yadda zai riƙa ɗaukar hoton mutanen ɓangaren da jaridar ba ta so. Da ma an yi hakan, da ya sami wanda zai ɗora wa laifi. Abin a hankali ya shige shi, kamar yadda hannun mutum yake sanin inda makunnin fitila yake a ɗakinsa ko da ido a rufe.

Auta mai ɗaukar hoto ne, ya kuma iya. Kyamarar da yake riƙewa, in ya danna bai saki ba, kafin mutum ya gama furta kalma ɗaya ta ɗauke shi sau da yawa a jere. Wanda bai san aikin ba zai ce ai duk hoto ɗaya ne. Amma duk ɗan Adam da yake magana, in ka jera hotunansa, za ka ga dattijo mai nazari a ciki, ka ga mai jin barci, ka ga kuma wanda ya kamata a ɗaure. Saboda haka aikin ba a wajen ɗauka yake ba, a wajen zaɓe yake.

Jaridar tasu tana tare da masu neman sauyi, ba ta ma cika ɓoyewa ba. In ɗayansu ya yi jawabi, hoton da ake bugawa shi ne wanda ya ɗan karkata kai yana sauraro, ko yana murmushi da hasken taga a gefen fuskarsa. In kuwa mai ra'ayin mazan jiya ne, to, baki a wangame, yatsa a sama, jijiyar wuya a tashe. Da farko Auta yakan miƙa wa Edita kowane iri. Sai ya lura da waɗanda suke fitowa a jarida da waɗanda suke kwana a kwamfuta. Ba wanda yake son wahalarsa ta tashi a banza, don haka ya daina kai abin da ya san ba za a buga ba. Da shekaru suka ja, tun a wajen taro idonsa yake jiran bakin da zai buɗe.

Abin dariyar shi ne, in ana jera masu ra'ayin mazan jiya, Auta ba zai tsaya a layin baya ba. Ra'ayin a gida ya sha shi, a hannun yayansa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Yaya hedimasta ne a wata sakandare, dogo, mai murya kamar ana buga ganga, mai son raha da tsokana. Duk ƙarshen mako Auta yakan je gidansa, ya tarar da shi a falo da jarida a cinya da jan biro a hannu, yana bin ta layi-layi kamar takardar jarrabawar ɗalibi.

"Auta, gidanku sun sake halin nasu," in ji Yaya. "Labarin da ya yi musu daɗi ga shi a gaba da manyan baƙaƙe. Wanda bai yi musu daɗi ba sun tura shi can ciki, ƙarƙashin tallan katifa. Ba su yi ƙarya ba fa. Su ba sa ƙarya, jera kaya kawai suka iya."

"Ni dai hoto nake ɗauka, Yaya. Ba ni da hannu a rubutu."

"Haka ne, ɗan albarka. Kai kaɗai ne mai tsarki a gidan."

Sai su yi dariya, matar Yaya ta kawo shayi, su ci gaba da sukar jaridar da take ciyar da Auta. Auta yakan fi kowa zafi ma, yana kawo misalan da Yaya bai gani ba. Bai taɓa jin cewa yana munafunci ba. A ransa, son kai aikin masu alƙalami ne.

Ana haka hukumar makarantu ta kawo sabon littafin tarihi. Yaya ya karanta shi daga bango zuwa bango, ya kwana biyu ba ya raha. Akwai babi a kan wata tsohuwar taƙaddama da ta raba kan jama'a a zamanin kakanni. Mutanen ɓangare ɗaya littafin ya kawo sunayensu da hotunansu da maganganunsu masu daɗi. Na ɗaya ɓangaren kuwa ba suna ba fuska, an haɗa su a dunƙule an kira su masu adawa da ci gaba. A ƙarshen babin aka ce ɗalibi ya bayyana dalilan da suka sa waɗannan suka yi kuskure.

"Ka gani ko?" Yaya ya ce wa Auta, yana buga shafin da bayan biro. "Ba a tambayi yaro ko sun yi kuskure ba. An gaya masa sun yi, aikinsa ya nemo dalili. Wata yarinya ta rubuta cewa kakarta ta ga abin da idonta, kuma ba haka ta ba ta labari ba. Malamarta ta so ta ba ta maki, tsarin bayar da makin ya hana. Me muka koya wa yarinyar nan? Mun koya mata in za ta ci jarrabawa ta bar kakarta a gida."

Yaya bai ce a ƙona littafin ba, bai ma ce a janye shi ba. Abin da ya nema shi ne a bar tsohon littafin a gefensa, yara su karanta biyun, su ga yadda manya suke saɓani. Shekarun aikinsa saura kaɗan, yana so kafin ya tafi ya bar wannan a makarantar. Ya kira taron iyaye da malamai don a tattauna, labari ya kai gidan jarida, Edita ya tura ɗan rahoto, ya ce Auta ya bi shi.

A nan ya kamata Auta ya ce hedimastan nan yayansa ne, a tura wani. Bai faɗa ba. Ya yi tunanin gara shi da wani, don shi ne zai kare Yaya daga irin hoton da ya san ana so. Da wannan kyakkyawar niyya ya rataya jakarsa ya fita.

Zauren makarantar ya cika, har wasu suna tsaye a bakin taga. Yaya ya yi bayaninsa cikin natsuwa, ya sa mutane dariya sau biyu, ya zauna. Sai malamar tarihi ta miƙe. Matashiya ce, ba ta daɗe da fara koyarwa ba, kuma ita da gaske take ganin sabon littafin ya fi tsohon gaskiya. Ta ce tsohon ma ai da nasa son kan, ya yi shiru a kan mutanen da aka zalunta. Ba ta kai ko'ina ba zauren ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce ta zauna, wani ya ce irinsu ne suke lalata yara, wata uwa ta fara buga tebur da jakarta. Malama ta rungume littafin a ƙirji.

Yaya ya tashi a fusace. Ya zo ya tsaya a gefenta, ya ɗaga hannu wajen iyayen, ya saki muryar nan tasa. "Ku bari ta gama. Mun zo ne mu ce a bar yara su ji ɓangare biyu, mu kuma ba za mu iya jin ɗaya ba?"

Zauren ya yi tsit, Malama ta ƙarasa maganarta.

Auta yana durƙushe a gefen dandamali lokacin da Yaya ya ɗaga hannu. Daga inda yake ba a ganin iyayen. Abin da ake gani shi ne ƙaton mutum tsaye a kan 'yar siririyar mace, hannu a sama, baki a buɗe, ita kuma ta takure da littafi a ƙirji, hasken taga ya sauka daidai a kan idonta. Yatsansa ya danna tun kafin kansa ya yi shawara. Daɗin da mai hoto yake ji in ya san ya kama abu ya ratsa shi har ƙafa, sai daga baya ya tuna wane ne a ciki.

Da suka koma ofis da la'asar, ana jiran hoto don a rufe shafi. Auta ya zauna gaban kwamfuta yana bin hotunan. Ya ware na Yaya yana zaune yana sauraro, ya ware wanda yake dariya da wani uba. Ya zo kan wancan, ya tsaya. Goge shi danna maɓalli ɗaya ne. Amma ya daɗe bai ɗauki hoto mai kyawun wannan ba, komai ya zauna inda ya kamata, kamar an tsara. Ya ce bari ya ƙara kallonsa kaɗan. Ya buɗe shi ya cika allon kwamfutar.

A haka Edita ya zo wucewa da kofi a hannu, ya tsaya a bayansa. "Wannan shi ne," in ji shi. Ya juya ya kira mutanen ɗakin. "Ku zo ku ga yadda ake aiki. Masu ɗauko mana hoton kujeru da lasifika, ku zo ku koya."

Suka taru suna yabawa. Auta ya ce, da muryar da ba ta kai bakin ƙofa ba, "Yallaɓai, ai ba ita yake wa tsawa ba. Iyayen yake tsawatarwa."

"Za mu duba wajen rubuta bayanin," in ji Edita, ya dafa kafaɗarsa. "Tura min."

Ya tura. Gaskiyar da ba ta da daɗin faɗa ita ce yabon ya yi masa daɗi. A hanyar gida ya yi ta gaya wa kansa cewa bayanin da za a sa a ƙasan hoton zai gyara komai, ya kuma kusa yarda.

Washegari hoton ya cinye rabin shafin farko. Kanun labarin ya ce an tada jijiyar wuya kan sabon littafin tarihi. A ƙasan hoton an rubuta, hedimasta da malamar tarihi a wajen taron jiya. Babu kalmar ƙarya ko ɗaya. A gefe kuma, da ƙananan baƙaƙe, ga sunan wanda ya ɗauka, sunan da ya ƙare da na mahaifinsu shi da Yaya.

Kafin azahar hoton ya shiga wayar kowa. A rediyo masu sharhi suka ce ga ainihin fuskar mazan jiya ta fito, masu cewa a saurari kowa amma ko mace ɗaya ba sa iya bari ta yi magana. A talabijin aka ajiye hoton a bayan masu tattaunawa tun daga farkon shiri har ƙarshe. Ba wanda ya ƙara tambayar me ke cikin littafin. Abin da ya fi ciwo ma, wasu daga cikin mutanen ɓangaren Yaya suka ɗauki hoton suna yaɗawa da murna, wai ga namijin da ya taka wa 'yan zamani burki. Masu zagi da masu yabo duk sun yarda da abu ɗaya, cewa Yaya ya yi wa yarinyar mutane tsawa.

Auta ya shiga ofishin Edita. Ya rufe ƙofa.

"Yallaɓai, mutumin nan yayana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya. Kare ta yake yi, na gaya maka."

Edita ya cire gilashinsa. Ba mugun mutum ba ne, kuma da alama abin ya taɓa shi. "Me ya sa ba ka faɗa ba tun kafin ka tafi?"

Auta ya kau da kai, Edita ya ci gaba.

"Hoton, haɗa shi ka yi?"

"A'a."

"Akwai ƙarya a bayanin?"

"Babu. Amma duk wanda ya gani abin da zai fahimta daban ne, kai ma ka sani. Kullum haka muke yi musu. Nasu a kawo su kamar malaman asibiti, namu kamar an kwance su daga turu. Wannan ba aikin jarida ba ne, yaƙin neman zaɓe ne."

"Namu," in ji Edita, yana jinjina kalmar. "Ashe kana da naku. Ban taɓa sani ba." Ya mayar da gilashin. "Ba zan yi maka musu ba, muna da ɓangaren da muke so, kowa ma yana da shi. Amma shekara da shekaru kana kawo min mutane baki a buɗe, ban taɓa roƙonka ba, ba ka kuma taɓa shigowa nan ka rufe ƙofa ba. Su waɗancan ba su da ƙanne ne?"

 Edita ya ce zai sa a yi ƙarin bayani, ya kuwa cika alkawari. Bayan kwana biyu aka buga 'yan layuka a shafin ciki, ba hoto, inda ko Auta sai da ya nema kafin ya gani.

Malama ta yi abin da ya fi na kowa. Da ƙafarta ta je hukumar makarantu ta ce mutumin nan kare ta ya yi, duk wanda yake zauren shaida ne. Suka saurare ta da mutunci, suka ce sun yarda da ita. Sai dai hoton ya riga ya fita, sunan makarantar yana bakin mutane, kuma ga shi dama hedimastan ya kusa ajiye aiki. Aka ba Yaya shawarar ya huta tun yanzu, irin shawarar da ba a ƙin karɓa. Maganar ajiye littafi biyu ta mutu a nan. Duk malamin da ya ɗauko ta, sai a tambaye shi ko shi ma irin hedimastan nan ne na jarida, sai ya ja bakinsa ya yi shiru.

Auta bai je gidan Yaya ba a ƙarshen makon nan, bai je ba a na gaba. Yakan ɗauko waya ya nemo lambar, ya zuba mata ido, ya mayar aljihu. Yaya ma bai kira ba. Da ya kira ya zazzage shi, da Auta ya ji sanyi, don ya san faɗan Yaya, yana zuwa da ƙarfi ya wuce a ci abinci. Shirun ne bai san yadda ake yi da shi ba.

"Maigida, ɓuyan nan ba zai kai ka ko'ina ba," matarsa ta ce masa wata safiya, tana ninke kayan yara. "Mutumin da ya goya ka ne fa. Ka je ya zage ka, ka ba shi haƙuri."

"Me zan ce masa?"

"Abin da ya faru."

"Abin da ya faru ne ba ya faɗuwa," in ji Auta. Da kuskure ne, da ya je tuni. Da tilasta shi aka yi, da ya je da hujjarsa. Amma ta yaya mutum zai kalli yayansa ya ce na ga hoton zai kashe ka, sai dai ya yi kyau ne na kasa gogewa?

A ƙarshe matar Yaya ce ta kira. Ba ta tsokane shi ba kamar yadda ta saba, ba ta ce mijina na biyu ba. Ta ce yayansa yana nemansa gobe da safe, ya zo da kyamara. A barandar ofishin makarantar akwai inda ake rataye hoton duk hedimastan da ya gama, sabon da aka kawo ya aiko a ba shi na Yaya.

Ya tarar da Yaya a falo cikin kayansa masu kyau, ya rame kaɗan, ba jarida a kusa da shi. Auta ya durƙusa ya gaishe shi, Yaya ya amsa kamar kullum, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Auta ya fara, "Yaya, ni dai ban san ta inda..."

"Zauna," in ji Yaya. "Malama ta zo ta gaya min inda ka durƙusa. Na gane yadda aka yi. Tambaya ɗaya nake da ita, ka gaya min gaskiya. Bara akwai wani mai shagon littattafai da ya yi magana a kan jarrabawar yara, kuka buga shi yana kumfar baki. Kai ka ɗauka?"

"Ni ne."

"Haka yake?"

Auta ya tuna mutumin. Ya yi kusan awa yana magana a hankali da takardu a hannu, sai tari ya sarƙe shi sau ɗaya. "A'a," ya ce. "Mutum ne mai sanyi."

"Matar nan fa, shugabar iyaye ta makarantar gabas, mai zare ido?"

"Ita ma. Ɗanta take nema a cikin taro."

Yaya ya gyaɗa kai a hankali. "Mutanen nan sun zo nan gidan. Sun zauna inda kake zaune. Suka ce mu haɗa kai mu je hukuma tare kan maganar littafin nan, da malamai da iyaye, don murya ɗaya ba ta isa. Na ba su shayi na sallame su. Na ce wa maiɗakina ba zan haɗa sunana da masu haushi ba, ni zan yi nawa cikin mutunci." Ya ɗan yi murmushin da bai kai ido ba. "Ni mai jan biro. Na bi rubutunku layi-layi ina kama ku, ban yarda da kalma ɗaya ba. Amma hoto na yarda da shi, saboda na san wanda yake ɗauka."

Auta ya sunkuyar da kai. Ya zo da shirin a ce ya ci amana sau ɗaya, ashe abin ya fi haka tsawo. Duk ƙarshen makon da ya zauna a falon nan yana taya Yaya sukar jarida, shi ne yake raba shi da mutanen da za su tsaya masa. 

"Ka yafe min, Yaya."

"Na yafe. Kai ƙanena ne, ina zan kai ka?" Ya faɗe shi ba ɗaci, Auta kuma ya san da gaske yake. "Abin da yake damuna yaran ne. Yanzu littafi ɗaya za su karanta, su kawo dalilan da aka ce su kawo. Tashi mu yi abin da ya kawo ka, kafin rana ta yi zafi."

Suka fita tsakar gida. Auta ya ajiye kujera a jikin farin bango inda inuwa take da laushi, ya gyara wa Yaya wuyan riga, ya ja baya. Bai taɓa ba wani aiki kulawar da ya ba wannan ba. Ya duba haske, ya sake dubawa, ya matsar da kujerar kaɗan, ya tsaya daidai tsayin idon Yaya, ba sama ba ƙasa. Ya ɗauka, ya ƙara, ya ƙara. Da ya duba bayan kyamarar ya ga sun yi kyau. Akwai ɗaya musamman, Yaya ya ɗan juyo, fuskar nan ta mutumin da yara suke tsoro suna kuma so. A ransa ya ce wannan zai wanke shi ya sa a firam da kansa, ya kai makarantar da hannunsa, ko ba komai a samu hoto ɗaya na gaskiya a bango.

Ya matso da kyamarar. "Yaya, duba wannan. Ina ganin shi ya fi. Zuwa jibi zan kawo maka shi a firam."

Yaya bai kalli kyamarar ba. Ya kalli Auta, kallon tausayi, irin wanda yake masa tun yana ƙarami in ya faɗi jarrabawa.

"A'a, Auta. Ciro min memorin da hotunan suke ciki ka bar shi nan gaba ɗaya. Malama za ta biyo da yamma, ita za ta zaɓa."

"Yaya, ai ni..."

"Na sani. Ka fi ta iyawa nesa ba kusa ba." Ya miƙo tafin hannunsa. "Ita dai za ta zaɓa."

Auta ya buɗe gefen kyamarar. Ya zaro ɗan abin. Ya sa shi a hannun Yaya, Yaya ya jefa a aljihun gaba, ya tashi ya ɗauki kujerar da kansa ya nufi falo, yana kiran matarsa ta kawo wa Auta shayi.